Jifa Cikin Duhu: Tarihin Binciken Abin Da Ke Cikin Furoton



Laccar yau ta tarihi ce, tarihin wata tambaya da ta daɗe tana damun masana: in mutum ya ɗauki abu ya yi ta raba shi, ya ɗauki ɓarin ya sake rabawa, ina ne rabon zai tsaya? Ya zuwa shekarar 1932 an zaci an sami amsa. An san kowane abu, dutse ne ko ruwa ko jikin ɗan Adam, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. An san kuma ita kanta zarrar tana da cibiya, inda ƙwayoyi iri biyu suke a cunkushe, watau furoton da niyutiron, ga kuma wasu ƙanana marasa nauyi, ilektiron, suna kewaye da cibiyar. Tubala uku ke nan, kuma da su ake koyar da yara a sakandare har yau.

To, yanzu masana sun yi ittifaƙi cewa furoton ma yana da ciki, akwai waɗansu abubuwa a ƙunshe a cikinsa da ake kira kwak. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma fa ba a taɓa ciro kwak guda ɗaya an ajiye shi shi kaɗai ba. Yaya aka yi mutanen da sana'arsu ita ce ƙin yarda sai da hujja suka yarda da shi? Hanyoyi biyu aka biyo, masu bin kowacce ba su damu da masu bin ɗayar ba, sai can a wajen 1968 suka haɗu.

Dabarar jifa

A ce an kawo wa mai awon auduga dami a ɗaure, yana zargin an cusa duwatsu a ciki don ya yi nauyi, ga shi an hana shi kwancewa. Abin da zai yi shi ne ya sami siririn ƙarfe ya yi ta sokawa. In ƙarfen yana wucewa sumul ta ko'ina, auduga ce zalla. In kuwa lokaci-lokaci yakan ci karo da abu ya goce ko ya tsaya cik, to, akwai magana. In yana da haƙuri, daga yawan karon zai iya ƙiyasta yawan duwatsun da girmansu. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan dabara yake.

An fara ta a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 1909. Ernest Rutherford ya sa mataimakinsa Hans Geiger da wani ɗalibi ɗan shekara 20, Ernest Marsden, su harba ƙwayoyin da ake kira alfa a kan siraran fallayen ƙarfe, na zinariya da waɗansu, su zauna cikin ɗaki mai duhu suna ƙirga ƙyallin da kowace ƙwaya ke yi in ta faɗa kan allo. Ra'ayin lokacin shi ne zarra tana da laushi ko'ina, saboda haka ya kamata ƙwayoyin su ratsa ta su wuce. Mafi yawansu sun wuce. Amma wajen ɗaya cikin 8,000 sai ta yi tsalle ta dawo baya. Daga wannan 'yar ɗaya Rutherford ya yi lissafi, a 1911 ya bayyana cewa kusan dukan nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, saura kuwa sarari ne. In muka ɗauki zarrar haidirojin, wadda cibiyarta furoton ne guda ɗaya tak, muka ƙara mata girma har cibiyar ta kai ƙwayar gero, to, zarrar za ta kai filin ƙwallo.

Ku riƙe abu ɗaya daga nan: labarin yana bakin 'yan tsirarun da suka goce ne, su ake tambaya.

Baƙi daga sama

Hanya ta biyu ita ma daga Manchesta ta taso, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dare da rana akwai ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke zubowa duniya daga sararin samaniya, kuma kafin a ƙera manyan na'urori su ne kaɗai harsasai masu ƙarfi da masana ke samu, kyauta. George Rochester da Clifford Butler suka kafa wani akwatin hazo a tsakiyar babban maganaɗisu. Duk ƙwaya mai caji da ta ratsa akwatin takan bar sawu cikin hazon, na'urar ɗaukar hoto ta ɗauka. Cikin hotuna wajen 5,000 sai suka ga guda biyu, ɗaya na Oktoba 1946 ɗaya na Mayu 1947, masu sawu mai reshe biyu kamar gwafa. Fassarar da suka yi ita ce wata ƙwaya da ba a sani ba, mai nauyi wajen rabin na furoton, ta yi 'yar tafiya sa'an nan ta fashe. Suka buga sakamakon a Disamba 1947. Shekara biyu suka biyo baya ba su sake ganin ko ɗaya ba, har mutane suka fara ɗaga gira. Sai da aka hau duwatsu, inda ƙwayoyin sama suka fi yawa, masana na Kaliforniya suka ga waɗansu, 'yan Manchesta kuma suka kwashi kayansu zuwa ƙololuwar Pic du Midi a kudancin Faransa, nan aka riƙa samunsu a kai a kai.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne tsawon ran waɗannan ƙwayoyi. Haihuwarsu ba wuya, da an yi karo mai ƙarfi sai su fito da yawa. A ƙa'idar wannan ilmi, abin da ya zo da sauƙi da sauƙi yake watsewa, domin ƙarfin da ya haɗa shi shi zai wargaza shi. Ya kamata su mutu cikin lokacin da in za a rubuta shi sai an raba sakan ɗaya da lamba 1 mai sifiri 23 a bayanta. Amma suna kaiwa kashi ɗaya cikin miliyan dubu goma na sakan. A gare mu duka biyun ƙiftawar ido ma ta fi su nesa ba kusa ba, amma ku dubi tazarar: in da haihuwar takan ɗauki sakan ɗaya, da ran ya zarce shekara 300,000. An ce baƙo raɓa ne. Waɗannan sun zo sun shimfiɗa tabarma.

Abraham Pais ya kawo rabin amsa a 1952, ya ce ba a haihuwarsu ɗai-ɗai, sai bibbiyu. A 1953 Murray Gell-Mann a Amurka, da Kazuhiko Nishijima da Tadao Nakano a Japan, suka cika sauran, kowane ɓangare ba da sanin ɗayan ba. Akawun da ke cikin ɗakin nan zai fi kowa saurin gane hujjarsu. Suka ce akwai wani sabon shafi a littafin lissafin halitta, wanda dole shiga da fita su daidaita a cikinsa. Furoton da niyutiron suna da sifiri a wannan shafi. In za a haifi ƙwaya mai ɗaya na tarawa, tilas a haifi wata tare da ita mai ɗaya na ɗebewa, kamar yadda ba a samun mai bin bashi sai da wanda ake bi. Da sun rabu kowa ya kama gabansa, babu wanda zai iya sauke nasa kason ta hanyar nan mai sauri, sai ya jira wani ƙarfi mai rauni ƙwarai, mai jinkiri, wanda shi bai kula da wannan shafi ba. Abin da ke tsawaita ransu ke nan. A wannan shekara ta 1953 sabuwar na'urar Brookhaven, kusa da New York, ta nuna ana haihuwarsu bibbiyu kamar yadda aka faɗa.

Gell-Mann ya raɗa wa sabon shafin suna da kalmar Ingilishi mai nufin abin da ba a saba gani ba, wadda daga gare ta ne suka sami kalmarsu ta baƙo. Saboda haka zan riƙa cewa baƙunci, da baƙin ƙwayoyi. Mai karanta wannan a takarda ya ja wasalin farko, baƙi na baƙunta nake nufi, rubutunmu na boko ba ya bambanta su da launi. Editocin mujallar da ya aika wa takardarsa ma ba su so irin waɗannan sunaye na raha ba, sai da ya sake kan maganar ya kira su sababbin ƙwayoyi marasa ɗorewa. Sunan rahar ne ya zauna.

Furoton yana da faɗi

Mu koma ga masu jifa. Tun 1933 aka sami alamar farko cewa furoton ba ɗigo ba ne kurum. Otto Stern a Hamburg ta Jamus ya auna ƙarfin maganaɗisun furoton, ya tarar ya ninka abin da lissafi ya ba ɗigo marar ciki wajen sau biyu da rabi. Awon yau ya ce sau 2.79. A shekarar nan Stern ya bar Jamus saboda mulkin Hitler. Ruwa ba ya tsami banza, amma shekara ashirin babu abin da za a leƙa da shi.

Dalili shi ne, gwargwadon ƙanƙantar abin da kake nema, gwargwadon sirantar abin sukar da kake buƙata. Ba a cire ƙaya da taɓarya. A duniyar ƙwayoyi kuwa, ƙarfin gudun harsashi shi ne sirantarsa. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin ilektiron-bolt. Batirin tocila yakan ba ilektiron guda ɗaya da rabi. Leƙen furoton yana son ɗaruruwan miliyoyi. Me ya sa kuma aka zaɓi ilektiron? Domin iyakar awon da aka yi shi ba shi da ciki, kuma ƙarfin lantarkin da yake taɓa abubuwa da shi an san ƙa'idarsa sarai. In ka gwara furoton da furoton, tulu biyu ka gwara, ba ka san ko wane tsingaro na wane ne ba. In ka harba ilektiron, duk abin mamakin da ya fito daga furoton yake.

Robert Hofstadter na Jami'ar Stanford a Kaliforniya shi ya fara cin wannan gajiya. Tsakanin 1954 da 1956, shi da ɗalibinsa Robert McAllister suka harba ilektiron masu ƙarfin miliyan 188 cikin iskar haidirojin, suna ƙirga nawa ne suka goce zuwa kowace kusurwa. Waɗanda suka goce sosai ba su kai yawan da ɗigo zai bayar ba. Ma'ana, cajin furoton a baje yake, yana da faɗi. Awon da suka samu bai yi nisa da na yau ba: sai an jera furoton wajen miliyan 600,000 kafaɗa da kafaɗa kafin su cika milimita ɗaya. Hofstadter ya sami kyautar Nobel a 1961. Sai dai hoton da ya bari a zukatan masana shi ne na abu mai laushi bai ɗaya, kamar curin fura, ba ƙwallo ba tsakuwa. Wannan hoto ya yi shekara goma yana mulki.

Lissafi ya riga ido

A wannan tsakani masu baƙin ƙwayoyi sun shiga wata matsalar, ta yawa. Kowace sabuwar na'ura sai ta zubo da nata, har ƙwayoyin suka kai gommai, haruffan Girkanci da ake sa musu suna suka kusa ƙarewa. A 1961 Gell-Mann da Yuval Ne'eman, wani hafsan sojan Isra'ila da ke aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Landan yana kuma karatu wajen Abdus Salam na Pakistan, kowannensu ya gano cewa in an jera ƙwayoyin bisa cajinsu da baƙuncinsu, sukan faɗa gida-gida, na takwas-takwas. Akwai wani gida na goma da aka san tara daga cikinsa. A wani taro a Janeba a 1962 Gell-Mann ya tashi ya siffanta na goman: cajinsa kaza, baƙuncinsa uku na ɗebewa, nauyinsa kaza. Ya kira shi Omega. A farkon 1964 ƙungiyar Nicholas Samios a Brookhaven, bayan duba hotuna wajen 100,000, ta sami sawunsa a hoto ɗaya, da nauyin da aka faɗa.

In abubuwa suna jeruwa haka, akwai dalili a ƙarƙashi. A 1964 ɗin Gell-Mann da wani saurayi, George Zweig, wanda ke cibiyar CERN ta Janeba, kowa ya kawo dalili iri ɗaya: duk gidajen nan za su fito in aka ɗauka akwai tubala uku. Gell-Mann ya kira su kwak, ya ce sautin ya fara zo masa, daga baya ya sami yadda zai rubuta shi a littafin James Joyce mai suna Finnegans Wake. Akwai na sama, da na ƙasa, da baƙo, kuma kowanne yana da kishiya, watau takwaransa mai nauyi ɗaya da shi amma komi nasa a juye, waɗanda in sun haɗu sai su cinye juna. Ban san kalmar da ta fi kishiya dacewa a nan ba a kowane harshe. Furoton na sama biyu ne da na ƙasa ɗaya. Baƙar magana ta ƙare game da baƙunci: ƙwaya baƙuwa ita ce mai baƙon kwak a cikinta. Lamda tana da ɗaya, Omega uku ne cur.

Amma akwai ƙashi a wuya. Don lissafin ya fita, sai na sama ya ɗauki kashi biyu bisa uku na cajin furoton, na ƙasa da baƙo su ɗauki ɗaya bisa uku na ɗebewa. Tun da aka fara awon caji ba a taɓa ganin gutsurensa ba. Aka bazama nema, a manyan na'urori, a ruwan teku, a duwatsun da suka faɗo daga sama, daga baya har a ƙurar da aka ɗebo daga wata. Ba a samu ba. Takardar Zweig ba ta ma fito a mujalla ba a lokacin, daga baya ya bar fagen ya koma binciken yadda kunne ke ji. Shi kansa Gell-Mann ya riƙa kiran kwak abin lissafi, ko da yake daga baya ya ce nufinsa shi ne ba sa fitowa waje. Ra'ayin da ke tashe a lokacin na Geoffrey Chew ne na Berkeley, wanda ya ce babu wata ƙwaya da ta fi wata zama asali, kowacce da sauran aka yi ta. Sa'ad da aka ba Gell-Mann kyautar Nobel a 1969, don jera ƙwayoyi gida-gida aka ba shi, takardar shaidar ba ta ambaci kwak ba.

Mil biyu a Stanford

A 1961 majalisar dokokin Amurka ta amince da dala miliyan 114 don gina na'urar ingiza ilektiron a filin Jami'ar Stanford, ƙarƙashin shugabancin Wolfgang Panofsky. Bututu ne miƙaƙƙe ɗoɗar mai tsawon mil biyu, watau kilomita 3.2, binne a ƙasa, babbar hanyar mota ta haye ta kansa. An gama shi a 1966. Yana ba ilektiron ƙarfin miliyan dubu 20, ya ninka na Hofstadter sau ɗari. Ma'aikatan da ke nan, waɗanda takardun neman kuɗi ke bi ta teburinsu, su lura cewa lokacin da aka sa hannu a kan wannan kuɗi ba a ko ƙirƙiri kalmar kwak ba. Da kwamiti ya nace sai an gaya masa abin da za a gano kafin ya saki kuɗi, da amsar gaskiya ita ce za a ƙara auna curin fura da kyau.

Da haka ɗin aka fara. A 1967 wata ƙungiya ta haɗin gwiwa tsakanin cibiyar Stanford da MIT da Caltech ta maimaita aikin Hofstadter da ƙarfi mai yawa, tana harbin haidirojin da aka sanyaya ya zama ruwa, tana kama ilektiron da suka goce da waɗansu na'urorin awo masu nauyin ɗaruruwan tan da ke juyawa a kan dogo. Ba wani sabon abu. 'Yan Caltech suka koma waɗansu ayyukan. Saura, ƙarƙashin Jerome Friedman da Henry Kendall na MIT da Richard Taylor, ɗan Kanada, suka juya ga wani awo da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A awon Hofstadter furoton yakan sha duka ya tsira lafiya. A wannan kuwa ana duba karon da ilektiron ya zubar da yawancin ƙarfinsa, furoton ya tarwatse. Ba a bin tarkacen, ilektiron kaɗai ake tambaya: nawa ka rasa, ina ka goce? In furoton curin fura ne, irin wannan karo zai yi ta raguwa da sauri yayin da dukan ke ƙara tsanani, har na'ura ta yi shiru.

Na'ura ba ta yi shiru ba. A ƙarshen 1967 da cikin 1968, a kusurwar digiri 6 sa'an nan 10, ilektiron suka riƙa zuwa ninki goma, a waɗansu wuraren har ninki ɗari, na abin da aka zata. Ƙarfen mai awo ya ci karo da dutse.

Wanda ya fara fahimta shi ne James Bjorken, masanin lissafi na cibiyar, mutum mai kawaici wanda hujjojinsa ke da wuyar bi. Kowane karo yana da lambobi biyu, ƙarfin da ilektiron ya rasa da tsananin dukan da ya kai. Bjorken ya ba Kendall shawara ya zana sakamakon bisa rabon ɗaya da ɗayar kurum. Da aka yi, ɗigogin da ke warwatse a takarda suka taru suka hau layi guda. Muhimmancin wannan shi ne: abu mai faɗi kamanninsa sukan sake yayin da kake ƙara kaifin dubawa, kamar tabarma da daga nesa take sumul, daga kusa sai ka ga saƙa. Ɗigo kuwa ko yaya ka matso ɗigo ne. Tun da ƙara kaifin harsashi bai sake hoton ba, abin da ake duka ba shi da faɗi. A Agusta 1968 Richard Feynman ya ziyarci cibiyar, aka nuna masa zanen, washegari ya dawo da bayanin da kowa zai iya bi. Ya ce a ɗauka furoton jaka ce ta ƙananan ɗigogi, ya kira su faton, daga kalmar Ingilishi ta ɓangare. Dukan yana da sauri har ilektiron ɗigo ɗaya kaɗai yake samu, sauran ba su ko ankara ba, kuma lambar nan ta Bjorken ita ce kason ƙarfin tafiyar furoton da wannan ɗigo ke ɗauke da shi. A babban taron Biyena na wannan shekara Panofsky ya ambaci yiwuwar ɗigogi masu caji a cikin furoton, cikin taka-tsantsan. Yawancin mahalarta ba su kula ba.

Shekara biyar aka yi ana tabbatar da cewa faton ɗin Feynman su ne kwak ɗin Gell-Mann. Awo a manyan kusurwoyi ya nuna suna da irin juyin da aka ce kwak na da shi, juyi irin na katantanwar da yara ke murzawa. A 1970 aka auna niyutiron, ya bambanta da furoton ta fuskar da ake tsammani. Sa'an nan a CERN aka harbi cibiyoyin zarra da niyutirino, ƙwayar da ba ruwanta da caji. Da aka gwada sakamakonta da na Stanford, bambancin ya dace da gutsattsarin cajin nan na kashi bisa uku da aka yi ta yi wa dariya.

Awon ya fito da wani giɓi kuma: in an tara kason dukan kwak, wajen rabin ƙarfin tafiyar furoton kaɗai ake samu. Sauran rabin yana hannun wani abu marar caji da ilektiron ba ya ji. Shi ne guluwon, danƙon da ke riƙe da kwak, wanda aka ga alamarsa a Hamburg a 1979. Saura tambaya mafi wuya: yaya kwak suke sake a ciki kamar ba mai riƙe da su, alhali ba sa fitowa? A 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka nuna cewa ƙarfin da ke tsakaninsu yakan yi rauni ne in suna kusa da juna. Ku dubi akuya a turke. Muddin tana kusa da turken tana kiwonta ba ta san da igiya ba, sai ta nufi nesa. In kuma ka ja igiyar nan ta kwak har ta tsinke, ƙarfin jan da ka zuba shi zai haifi sabon kwak da kishiyarsa a bakin tsinkewar, ka tashi da igiya biyu kowacce da bakinta biyu. Friedman da Kendall da Taylor sun sami kyautar Nobel a 1990, su Gross a 2004. Bjorken ya rasu a 2024 bai samu ba, kuma a ganina wannan giɓi ne a littafin masu kyautar.

Baƙo a cikin gida

Tsinkewar igiyar nan ita ta haɗa hanyoyinmu biyu a gwaji guda. Furoton ba shi da baƙunci, ilektiron ma haka. Amma in aka harba ɗaya kan ɗaya da isasshen ƙarfi, wani lokaci abin da ke fitowa shi ne ilektiron ɗin, da baƙin ƙwayoyi biyu, Ka mai caji da Lamda. An haifi baƙon kwak da kishiyarsa a wurin karon. Kishiyar ta ɗauki na sama ɗaya suka zama Ka, baƙon ya zauna da na sama da na ƙasa da suka rage suka zama Lamda. Littafin akawu ya daidaita, kamar yadda aka faɗa a 1953. An yi irin wannan awo a Cornell da Hamburg a shekarun 1970, daga baya cibiyar Jefferson da ke jihar Bajiniya ta tara mafi yawansa.

Daga nan sai wata tambaya ta taso. In ana iya haihuwar baƙi a wurin karo, shin ba sa ɓullowa su ɓace a cikin furoton ko da ba a taɓa shi ba? Suna yi. Na'urar HERA ta Hamburg, zobe mai kewayen kilomita 6.3 da ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007 yana gwara ilektiron da furoton gaba da gaba, ta nuna cewa in an duba da kaifi sosai kwak ukun nan suna iyo ne cikin cincirindon guluwon da tagwayen kwak da kishiyoyinsu. Nauyin ukun kansu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin furoton ba, saura duk na motsi ne da ƙarfin riƙo. Tun kafin wannan, a 1988, wata ƙungiya a CERN ta ba da rahoton cewa juyin kwak kaɗan ne ƙwarai cikin juyin furoton, awon baya-bayan nan ya ce wajen kashi 30 cikin ɗari, kuma aka zargi baƙin kwak da hannu a ciki.

Saboda haka aka shirya gwaje-gwaje na musamman, a MIT da Mainz ta Jamus da cibiyar Jefferson, don a auna rabon baƙin kwak cikin caji da maganaɗisun furoton. Dabarar ita ce a harba ilektiron masu juyi dama, sa'an nan masu juyi hagu, a nemi bambancin da bai wuce 'yan kashi cikin miliyan ba, dabarar da Charles Prescott da Taylor suka fara nuna tana yiwuwa a Stanford a 1978. Bayan fiye da shekara goma ana awo, amsar ta fito ƙarama: in baƙin suna da rabo a nan, bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba, kuma awon bai iya raba shi da sifiri ba. Waɗansu sun ji takaici, domin an sa rai da babban abu. Ni ina ganin awo ne mai daraja, ya rufe wata ƙofa da masu lissafi da yawa suka yi shekaru suna tsaye a bakinta.

Bututun Stanford yana nan, amma ya bar aikin fasa furoton. Tun 2009 ana amfani da wani sashensa wajen samar da hasken eksire mai tsanani don duba sinadarai da ƙwayoyin halitta. A 2020 gwamnatin Amurka ta zaɓi Brookhaven, inda aka ga Omega, don gina sabuwar na'ura da za ta gwara ilektiron da furoton da manyan cibiyoyin zarra, kuma manyan tambayoyin da aka rubuta mata su ne daga ina nauyin furoton yake, daga ina kuma sauran juyinsa.